Bargunan Gee's Bend: Ɗinkin da Ake Farawa a Gonar Auduga

A watan Yuli babu mai neman bargo a jihar Alabama ta kudancin Amurka. Zafi kan haura digiri 32, iska ta yi nauyi da laima, gumi ya ƙi bushewa a jiki, sauro kuma ya taso daga bakin kogi tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Duk da haka, mai son ya gane bargunan da suka kai sunan ƙauyen Gee's Bend manyan biranen duniya, daga watannin zafi ya kamata ya fara. A cikinsu rana ke koɗar da shuɗin wandon aiki, gumi da laka su bar masa tabon da sabulu ba ya fitarwa, idan tsinkar auduga ta kama kuma durƙuso tsakanin kunyoyi ya cinye gwiwarsa. Ranar da wandon ya ƙi karɓar faci, sai uwar gida ta karɓe shi, ta farke ɗinkinsa, ta cire aljihunsa, ta adana ƙyallayen a buhu. Shuɗi mai duhu da ke zaune kusa da shuɗin da ya kusa zama fari, wanda masu kallo ke tsayawa suna mamakinsa a gidajen adana kayan fasaha na New York da Landan, gona ce ta rina shi kafin allura ta taɓa shi.

Bargon hawa uku ne. A sama akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙyallaye. A ƙasa akwai shafi, wanda a da ake yi da buhunan fulawa ko na takin zamani da aka wanke aka buɗe. A tsakiya kuma auduga. Sai a bi shi da allura layi bayan layi, har hawa ukun su kama juna, audugar ta daina gudu. Wanda ya taɓa duba lifidin doki kusa da kusa ranar hawan salla ya san irin wannan aiki. Can kibiya ake karewa, nan kuwa sanyi. Gidajen ƙauyen a da na gungume da katako ne, iska na shiga ta kowace kafa, har mutane kan liƙe bango da tsofaffin jaridu da ƙullin fulawa. Murhu ɗaya ne a gida, yara da yawa a gado ɗaya, kuma a daren Janairu ruwa kan daskare a bokiti. Gado guda kan buƙaci barguna da dama, ɗaya bisa ɗaya. Macen da ke da 'ya'ya goma ba ta da zaɓi a kan ɗinki.

Ƙauyen yana gundumar Wilcox, kudu maso yammacin garin Selma, a inda Kogin Alabama ya yi wata babbar lanƙwasa ya kewaye ƙasar ta ɓangare uku. Hanyar mota ɗaya ce ke shiga, ita ce kuma ke fita. Sunan ya samo asali daga Joseph Gee, wani mai gonaki daga gundumar Halifax ta jihar North Carolina, wanda ya zo a 1816 da bayi ya kafa gandun auduga. A 1845 magadansa suka miƙa gandun ga wani danginsu, Mark Pettway, domin biyan bashin dala 29,000. Shekara guda bayan haka Pettway ya taso da iyalinsa da bayi sama da 100, kuma bayin da ƙafa suka yi tafiyar, fiye da kilomita 1,000. Labarin da jikokinsu suka riƙe shi ne, mai dafa abinci kaɗai aka bari ya hau keken doki. Har yau sunan Pettway ne ya fi yawa a ƙauyen, a ƙofar gidaje da kan kaburbura da ƙarƙashin hotunan barguna a littattafai, domin sunan ubangiji ne ya bi bayinsa ya zauna musu.

Bauta ta ƙare a 1865, amma ƙasa ba ta sauya hannu ba. Yawancin 'yantattun suka zauna inda suke, suna noma gonar da ba tasu ba. A farkon shekara ɗan kasuwa a Camden, hedikwatar gunduma da ke tsallaken kogi, ya ba su bashin iri da taki da garin masara da nama. A kaka su kai masa auduga, shi ke riƙe da littafi, shi ke lissafi, kuma da wuya lissafin ya fito ba tare da ragowar bashi ba. Kogin da ya tsare su ya kuma killace musu wasu abubuwa: salon maganarsu, waƙoƙinsu na coci, labaran kakanni. Arlonzia Pettway, ɗaya daga cikin fitattun maɗinkan, ta sha ba da labarin ɗaya daga cikin kakanninta, Dinah Miller, wadda dangin suka ce daga Afirka aka kawo ta dab da yaƙin basasa.

Auduga ce ke raba musu shekara. A Fabrairu da Maris a yi huɗa da alfadari, a Afrilu a yi shuka. Daga Mayu zuwa ƙarshen Yuni kowa na gona da fartanya, ana rage tsiron da ya yi cunkoso ana kashe ciyawa, tun asuba har duhu. Mata ba sa cikin masu hutawa. Mace kan tashi kafin gari ya waye ta dafa abin kari, ta bi miji gona, ta ajiye jariri a inuwar gefen gona bisa wani tsohon bargo, ta dawo da rana ta sa tukunya, ta koma. 'Yan mata kan bar makaranta da zarar aikin ya kankama, kuma da yawa daga cikin matan da duniya ta san sunayensu yau sun ce karatunsu bai wuce na ranakun ruwan sama da watannin da gona ta sake su ba. Akwai kuma lambun gida da sai an kula da shi: masara, wake, kuɓewa, dankali, gyaɗa, kankana.

Wajen tsakiyar Yuli auduga ta yi tsayin da ciyawa ba ta iya cutar da ita, sai a jingine fartanya. Daga nan zuwa ƙarshen Agusta, kafin ƙwallon audugar ya fashe, manoman kudancin Amurka ke samun 'yan makonnin numfashi, kuma a cikinsu rayuwar ƙauye ke taruwa. Coci-coci kan yi makon wa'azi da dare, a yi wa sababbin masu tuba baftisma a ruwa, 'yan'uwa su ziyarci juna. Mata kan dafa kayan lambu da 'ya'yan itace su rufe a kwalabe domin hunturu. Ɗinki ma yana nan, amma irin wanda zafi ya yarda da shi, wato haɗa fuska. Wannan aikin cinya ne, na mutum ɗaya, ana yinsa a baranda da yamma ko da dare a gaban fitilar kananzir. Da yawa ba sa ma neman almakashi, da hannu suke yaga yadin ya bi zarensa. Zaren ɗinki kansa wani lokaci daga bakin buhu ake warwaro shi. Yarinya takan fara da zura wa kakarta zare a allura, daga nan a ba ta ƙananan ƙyallaye ta gwada, kafin ta kai shekara goma sha biyu ko sha uku ta haɗa fuskarta ta farko.

Babu mai ɗora auduga a cinya a watan Agusta. Cusa auduga da bin layi sai an gama tsinka, an kai amfani injin gurza, sanyi ya shigo. A lokacin ne ake tattara ragowar audugar da ta maƙale a gona ko ta zube a wurin gurza, a baza ta a ƙasa a yi ta bugu da sanda har ƙura ta fita ta yi laushi. A ɗaure bargon a katakai huɗu da aka rataya daga rufin ɗaki, mata huɗu ko biyar su kewaye shi, yau a gidan wannan gobe a gidan waccan, suna ɗinki suna waƙoƙin coci suna addu'a. Da dare a ja katakan sama a kwanta a ƙarƙashinsu. Saboda haka kowane bargo yana da mai shi guda, wadda ta zaɓi launi da tsari ita kaɗai a lokacin zafi ko a daren aiki, yana kuma da hannuwan maƙwabta a jikinsa.

Idan sanyi ya wuce sai a fito da barguna a shanya a igiya da kan shinge su sha iska kafin a naɗe su. Wannan shanya ita ce baje kolin ƙauyen tun kafin wani baƙo ya san da su. Mace kan bi hanya tana duba na maƙwabta, ta ga wani tsari ya burge ta, ta koma gida ta yi shi, amma ba yadda ta gan shi ba. A Gee's Bend kwaikwayo tsaf ba abin yabo ba ne. Akwai tsare-tsaren da kowa ya sani, kamar wanda suke kira rufin gida, inda murabba'i ke kewaye murabba'i daga tsakiya har baki, da wanda ke hawa kamar jerin bulo, da na dogayen layuka. Sai dai kowace kan karya tsarin inda ta ga dama, ta jefa jan ƙyalle guda a tsakiyar shuɗi, ta bar layi ya karkace. Idan an tambaye su sunan irin wannan ɗinki, amsar da suka saba bayarwa ita ce sun yi shi ne yadda ransu ya so.

Masana irin su Robert Farris Thompson da Maude Wahlman sun danganta bargunan baƙaƙen Amurka masu dogayen layuka da saƙar Afirka ta Yamma, inda masaƙi ke fitar da siririyar ƙwarya a haɗa da yawa su zama zane. Wasu masanan sun ƙi yarda, suna cewa babu igiyar shaida da ta haɗa biyun kai tsaye. Mai duba bargon da idonsa zai lura da wani dalili na kusa: ƙafar wando idan an farke ta dogon ƙyalle take bayarwa, kuma macen da ba ta da yadin asara ba za ta yanka shi ƙanana ba. Wannan bai kore gadon ido da na hannu ba, amma talauci ma yana da nasa rabon a tsarin, kuma bai kamata a ɓoye shi don a ƙawata labari ba.

Bargon da ya fi nuna abin da tufafin aiki ke ɗauke da shi shi ne na Missouri Pettway, mahaifiyar Arlonzia. Da mijinta Nathaniel ya rasu, ta tattara wandunansa da rigunansa na gona ta haɗa bargo a 1942, domin, kamar yadda 'yarta ta ba da labari, ta riƙa tunawa da shi tana lulluɓa da shi. Tabon gwiwa yana nan a jiki, wuraren da aka yi faci suna nan. Ba ta nemi ta ɓoye ko ɗaya ba.

Ƙarshen bargo ma a lokacin zafi yake zuwa. Wanda ya tsufa a kan gado ya koma shimfiɗar ƙasa, daga nan ya koma gona, ko a rufe dankali da shi. Idan ya ƙare sarai sai a cinna masa wuta a tsakar gida da yamma, domin hayaƙin auduga na korar sauro. Barguna marasa adadi sun tafi ta wannan hanya, shi ya sa kaɗan ne suka rage daga waɗanda aka ɗinka kafin shekarun 1930.

Shekarun 1930 su ne mafi muni a tarihin ƙauyen bayan bauta. Farashin auduga ya faɗi har ya kai wajen santi 5 a kan kowane fam a 1931. Ɗan kasuwar Camden da ke ba su bashi ya ci gaba da bayarwa yana ajiye audugar, yana jiran farashi ya tashi, sai ya mutu a 1932. A kakar shekarar magadansa suka aiko mutane da kekunan doki suka bi gida-gida, suka kwashe alfadarai, shanu, aladu, kaji, garmuna, masara da dankali daga iyalai sama da 60. Mutane suka shiga hunturu da abin da daji da kogi suka ba su, sai garin da ƙungiyar Red Cross ta raba. Labarin ya kai Washington. A 1937 gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta sayi ƙasar daga iyalin Van de Graaff, waɗanda suka mallake ta tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, ta kafa ƙungiyar manoma, ta gina makaranta da asibitin sha-ka-tafi da injin gurza da sababbin gidajen katako, waɗanda har yau ake kira gidajen Roosevelt. A shekarar ce mai ɗaukar hoto Arthur Rothstein ya zo, ya ɗauki Jorena Pettway tana ɗinka bargo da keke, 'yan mata biyu na riƙe mata, bango a bayansu liƙe da jaridu. Marion Post Wolcott ta biyo baya a 1939, a 1941 kuma Robert Sonkin ya naɗi waƙoƙinsu domin Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki.

Abu mafi girma da ya fito daga wannan shiri shi ne, a shekarun 1940 iyalai da yawa suka sayi gonakin da suke nomawa da bashi mai sauƙin ruwa. A yankin da baƙar fata bai cika mallakar ko taki ɗaya na ƙasa ba, jikokin bayin Pettway suka zama masu gona. Wannan ne ya zaunar da su a lokacin da dubban baƙaƙen Alabama ke ƙaura zuwa biranen arewa, ya bar uwa da 'ya da jika a unguwa ɗaya, allura na wucewa daga hannu zuwa hannu. A 1949 aka buɗe gidan waya aka raɗa wa wurin suna Boykin, sunan wani ɗan majalisa farar fata, amma mazauna suka ci gaba da kiran ƙauyensu yadda suka saba.

Mallakar ƙasa ta sake nuna amfaninta da aka shiga gwagwarmayar 'yancin zaɓe. Baƙaƙe ne mafi rinjaye a gundumar Wilcox, amma har farkon 1965 babu ko ɗaya a rajistar masu jefa ƙuri'a. Ɗan haya da ya je yin rajista, mai gona kan kore shi da iyalinsa. Mutumin Gee's Bend kuwa babu mai korarsa daga gonarsa. Suka riƙa tsallakawa Camden a jirgin fito. A 1962 hukuma ta dakatar da jirgin, tafiyar 'yan mintuna ta koma ta kusan awa guda a mota, ga kuma masu motar ƙalilan. Ana danganta wa shugaban 'yan sandan gundumar na lokacin, Lummie Jenkins, maganar cewa ba don su baƙaƙe ne aka rufe fiton ba, sai don sun manta su baƙaƙe ne. A Fabrairun 1965 Martin Luther King ya zo ƙauyen cikin dare da ruwan sama ya yi jawabi a cocin Pleasant Grove, matan ɗinki da yawa kuma suka bi sahun masu zanga-zanga, wasu har da kwana a tsare. A ranar 6 ga Agusta na shekarar, tsakiyar hutun fartanya, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe. Da aka kashe King a Afrilun 1968, alfadarai biyu daga Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki gawarsa a titunan Atlanta.

A cikin wannan guguwa aka haifi ƙungiyar ɗinki ta farko. A Disambar 1965 wani limamin cocin Episcopal farar fata, Francis X. Walter, yana yawo a gundumar yana tattara bayanan waɗanda aka kora daga gonaki, sai ya hango barguna a igiyar shanya a wani wuri da ake kira Possum Bend. Ya fara saye a kan dala 10 kowanne, kuɗin da ya zarce abin da matan suka saba samu, yana aikawa New York a yi gwanjo, ribar ta dawo musu. A ranar 26 ga Maris 1966 mata sama da 60 suka taru a wani coci a Camden suka kafa ƙungiyar Freedom Quilting Bee. Minder Coleman ta Gee's Bend ta shiga cikin shugabanninta, Estelle Witherspoon ta zama manaja, ta kuma riƙe aikin fiye da shekara ashirin. Cibiyar ƙungiyar ta zauna a Rehoboth, a kan hanyar fita daga lanƙwasar kogin. Masu faɗa a ji a harkar ado a New York, irin su Diana Vreeland ta mujallar Vogue, suka tallata kayan, babban kantin Bloomingdale's ya ba da oda, a 1969 kuma aka gina ɗakin ɗinki aka sa masa sunan King.

Ƙungiyar ta sauya ma'anar lokacin zafi ga matan. Noman auduga da hannu yana mutuwa, injuna sun karɓe tsinka a manyan gonaki, madatsar ruwa ta Millers Ferry da aka gina a ƙarshen shekarun 1960 ta kuma nutsar da wani yanki mai albarka na fadamar ƙauyen. Macen da a da Yuni kan same ta da fartanya, yanzu yana samunta a gaban keken ɗinki, a inuwa, da albashi. Kuɗin ba yawa, amma nata ne. Da shi aka ja ruwan famfo zuwa gidaje, aka sayi injin wanki, aka tura yara makarantun gaba. Ƙungiyar ta buɗe wurin renon yara domin masu shayarwa su iya zuwa aiki.

Akwai abin da aka biya. Kanti yana son bargo ɗari su fito iri ɗaya, kusurwa daidai, ɗinki ƙanana a jere, launin da mai saye ya zaɓa a takarda. Hannun da ya saba bin ransa sai aka riƙa dawo masa da aiki ya farke ya sake. Wasu matan suka koyi sabon salon, wasu suka ga ba za su iya ba suka koma gida. A 1972 ƙungiyar ta sami kwangila da kamfanin Sears ta ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri mai tudun layuka, dangin karan-miski, da ake kira kodiroyi. Aiki ne na maimaici, ba fasaha a ciki, amma ya riƙe ƙungiyar shekaru masu yawa. Ragowar yadin kuwa, ja da kore da ruwan zinariya da ruwan ƙasa, ma'aikata kan kwashe su kai gida su raba wa dangi. A gida babu mai duba kusurwa. Bargunan kodiroyi na shekarun 1970, waɗanda aka yi da sharar kwangilar kanti, suna cikin mafi ƙarfi da ƙauyen ya taɓa fitarwa.

Duniyar masu fasaha ta iso a makare. Wani mai tara kayan fasaha daga Atlanta, William Arnett, ya ga hoto a littafin Roland Freeman na 1996: Annie Mae Young tsaye kusa da tarin itace, an shimfiɗa bargonta na tufafin aiki a kai, tsakiyarsa ja da ruwan ɗorawa, kewayensa shuɗin jins. Ya bi sawu har ƙofar gidanta a ƙarshen shekarun 1990. An ruwaito cewa da farko ta zaci bargon na cikin waɗanda ta ƙone kwanan baya don korar sauro, sai daga baya ta gano shi a ɗaki. Arnett da 'ya'yansa suka bi gidaje suna saye, suna ciro barguna daga ƙarƙashin katifu, suna kuma naɗar tarihin kowace mace da bakinta. A 2002 aka buɗe nuni a gidan kayan fasaha na Houston, daga nan ya wuce gidan Whitney a New York, inda mai sharhin jaridar New York Times, Michael Kimmelman, ya sa su cikin mafi ban mamaki na fasahar zamani da Amurka ta samar. Matan suka hau bas suka je suka ga abin da suke shimfiɗa wa yara rataye a farin bango, da sunayensu a gefe, suka kuma yi waƙoƙin cocinsu a zauren.

Masu sharhi sun yi ta kwatanta bargunan da zanen Matisse da Paul Klee. Yabo ne, amma ya kauce hanya. Matan ba su koyi komai daga Turai ba, kuma suna da malamansu da za a iya kira da suna: uwa, goggo, kaka, uwar miji. A wasu gidajen ana iya jera barguna na zuriya uku ko huɗu a ga inda 'ya ta bi uwarta da inda ta saɓa mata. Wannan makaranta ce cikakkiya, kuma da ma'auninta ya dace a auna ta.

Suna ya zo da alherinsa da rigimarsa. A 2003 matan suka kafa sabuwar ƙungiya, Gee's Bend Quilters Collective, domin sayar da aikinsu, tsofaffin da suka ajiye allura kuma suka sake ɗauka. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki 10 masu hoton bargunansu, a Satumbar shekarar kuma jirgin fito ya dawo bayan shekara 44. Labarin jiran jirgin, wanda J. R. Moehringer ya rubuta a jaridar Los Angeles Times a kan rayuwar Mary Lee Bendolph, ya riga ya ci kyautar Pulitzer a 2000. Amma zanen bargunan ya fara fitowa a kan dardumai da kayan gida da ake sayarwa a kantuna, wasu matan suka ce ba su ga rabonsu ba. A 2007 Annie Mae Young da Loretta Pettway suna cikin waɗanda suka kai iyalin Arnett ƙara, yayin da wasu maɗinkan da yawa suka tsaya a bayan iyalin. An rufe shari'ar a 2008 ba tare da an kai ga hukunci ba. Tambayar da ta taso, wato wa ke cin ribar aikin matalauciya idan ya yi daraja bayan ya bar hannunta, tambaya ce ta gaskiya, kuma ita ce ta sa daga baya gidauniyar Souls Grown Deep, wadda Arnett ya kafa a 2010, ta shiga taimaka wa matan su riƙe haƙƙin mallakar zanensu, su kuma sami kaso idan an sake sayar da aikinsu.

A 2015 Mary Lee Bendolph da Lucy Mingo da Loretta Pettway suka karɓi lambar girmamawa mafi girma da gwamnatin Amurka ke bai wa masu fasahar gargajiya. Gidan Metropolitan na New York yana da bargunansu, a 2023 kuma an rataya wasu a Royal Academy ta Landan. Amy Sherald, wadda ta zana hoton Michelle Obama a 2018, ta ce rigar da ke hoton ta tuna mata da aikin matan Gee's Bend.

Gundumar Wilcox kuwa har yanzu tana cikin mafi talauci a Alabama. Mazauna ƙauyen 'yan ɗaruruwa ne, matasa da yawa suna Mobile da Birmingham da Bridgeport ta jihar Connecticut. Freedom Quilting Bee ta rufe a 2012, bayan kantuna sun koma sayen barguna masu araha daga ƙasashen waje, manyanta kuma sun tsufa; 'ya'yan waɗanda suka kafa ta suna ƙoƙarin gyara ginin ya zama wurin tarihi. Babu mai noman auduga da fartanya yanzu, gidaje na da wutar lantarki da na'urar sanyaya ɗaki, don haka ana iya cusa auduga a bi layi a Yuli kamar a Janairu, audugar ma ta kanti ce. Masu son shuɗin da ya koɗe sukan nemi tsofaffin jins a shagunan gwanjo. Tun 2021 da yawa daga cikin matan, har da jikokin waɗanda Rothstein ya ɗauka hoto, suna sayar da aikinsu kai tsaye ta shafin Etsy, kowace da shagonta da farashin da ta yanka da kanta. Jirgin fiton ya koma aiki da lantarki a 2019, daga 2022 kuma ƙauyen ya mai da tsohuwar al'adar shanya biki na shekara-shekara, wanda ake yi a Oktoba, lokacin da zafi ya sauka baƙi za su iya yawo a ƙafa daga gida zuwa gida.